Yadda ake ciro hukunci daga dalili, mataki bayan mataki

Mafi yawan abin da muke cewa mun sani, ba mu gan shi da idonmu ba. Manomin shinkafa a fadamar Argungu ya ga ganye ya yi ɗorawa, ya ce taki ne ya gaza. Uwa ta taɓa goshin ɗanta ta ji zafi, ta ce zazzaɓin cizon sauro ne. Direba a hanyar Gusau zuwa Funtuwa ya lura an jima babu motar da ta taho daga gaba, ya rage gudu ya ce hanya ba lafiya. Manomin launin ganye kawai ya gani, uwar zafi kawai ta ji, direban kuwa kwalta ya gani fayau. Sauran maganar hankalinsu ne ya ƙaro ta. Wannan taku da hankali yake yi daga abin da aka sani zuwa abin da ba a gani ba, shi malaman mantiƙi (ilmin ƙa'idojin kafa hujja) suke kira istidlali, wato ciro hukunci daga dalili. Maganganun da aka tashi daga kansu su ne muƙaddimomi, abin da aka isa gare shi kuma shi ne natija.

Rayuwa ba ta yiwuwa sai da shi. Direban da ya ce ba zai tsaya ba sai ya ga 'yan bindiga ƙuru-ƙuru, ya makara. Inda gizo ke saƙar shi ne, takun yana da sauri ƙwarai, har mai yinsa ba ya jin ya yi shi. Sai ka ji mutum yana rantsuwa cewa ya gani, alhali cirowa ya yi. A ƙasar da zargi kaɗai yake iya sa a kashe mutum, ko a kore shi daga garin ubansa, ko a ƙone masa ruga, koyon wannan aiki ya wuce sha'awar 'yan makaranta. Ina ganinsa cikin abubuwan da suka wajaba a koya wa yaro tun yana ƙarami.

Ilmin kuma ba baƙo ba ne a zaurukanmu. Aristotal mutumin Girka, wanda aka haifa shekara 384 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya fara tsara ƙa'idojinsa a rubuce. Farabi da Ibn Sina suka faɗaɗa shi da Larabci, Imam Gazali da ya rasu a 1111 ya shigar da shi cikin karatun usulu, wato tushen fiƙihu. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, har musayar baitoci ya yi da Imam Suyuɗi yana kare halascin karanta shi. Abdurrahman Ahalari, wanda kowane almajiri ya san ɗan littafinsa na tsarki da salla, shi ne kuma ya waƙe ƙa'idojin mantiƙi a cikin Sullam a shekarar 941 ta Hijira. Abin da ke tafe an tsamo shi ne daga wannan gado, an mai da shi aikin da mutum zai iya yi da takarda da biro.

Mataki na farko: raba abin da ka gani da abin da ka ji da abin da ka ƙaro

Ɗauki takarda ka ja layi biyu, ta rabu gida uku. A gidan farko rubuta abin da idonka ko kunnenka ko hannunka ya riska kai tsaye. A na biyu rubuta abin da aka faɗa maka, da wanda ya faɗa, da inda shi ma ya samo. A na uku rubuta abin da ka ƙaro da kanka.

Mu ƙaddara maganar da ke yawo ita ce maƙwabcinka yana kai wa mutanen daji kaya. Gidan farko: ranar kasuwa ka gan shi ya ɗaure burodi mai yawa a bayan babur, ya fita ta hanyar yamma. Gida na biyu: wani mai shayi ya ce ya ji an ce ana kiransa a waya da tsakar dare. Gida na uku: infoma ne. Da zarar ka rubuta haka za ka ga gidan farko ɗan layi ɗaya ne tak, kuma babu daji a cikinsa, babu bindiga, babu kuɗin da aka miƙa wa kowa.

Gida na biyu yana son tsanani. Tambayar da za ka riƙa yi ita ce, "Kai ka gani, ko faɗa maka aka yi?" Ka bi zaren har ka kai ga wanda ya ce shi ya gani. Sau da yawa zaren zai tsinke a hannunka a kan "haka dai ake ta faɗa". Mutum goma da suka ji magana daga baki ɗaya, shaida ɗaya ce ba goma ba. Saƙon murya da ya iso maka ta zauruka biyar na WhatsApp saƙo ɗaya ne da ya yi yawo. Umarnin bin diddigin labari kafin a yi aiki da shi yana nan a aya ta 6 cikin Suratul Hujurati, tare da dalilinsa: kada a cuci mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama.

Mataki na biyu: faɗi natijar a jimla ɗaya

Wa ya yi me, yaushe, kuma duka kake nufi ko wasu? "Mutumin nan ba a gane masa ba" ba natija ba ce, domin babu yadda za a gwada ta. "Yana sayar wa 'yan bindiga burodi da sani" natija ce. Ka kula da kalmomin nan uku, duk da mafi yawa da wasu, domin kowace hujjar da take buƙata daban. Misali ɗaya ya isa ya tabbatar da wasu. Misali ɗaya da ya saɓa ya isa ya rushe duk.

Mataki na uku: tono muƙaddimar da aka haɗiye

Nan ne zuciyar aikin, kuma wanda ya ƙware a wannan mataki kaɗai ya tsira daga rabin ruɗun da ake faɗawa.

Kusan kowace hujja da ake kawowa a majalisa rabinta ake furtawa. Dillali ya ce maka, "Alhaji, wannan albasar Aliero ce, za ta yi ajiya." Muƙaddima ɗaya ya faɗa, cewa albasar daga Aliero take. Ɗayar ya haɗiye ta: duk albasar Aliero tana jure ajiya. Malaman mantiƙi suna kiran ta farko sugra, wato ƙarama, domin a kan abu ɗaya take magana. Ta biyu ita ce kubra, babbar ƙa'idar da aka jingina ƙaramar a jikinta. Mutane suna ɓata yini suna musu a kan ƙaramar, ko albasar ta Aliero ce ko ba ta can ba ce, alhali cutar tana cikin babbar da babu wanda ya furta. Albasar da aka cika wa takin zamani, ko aka cire ba ta gama ƙosawa ba, ko aka zuba a buhu ba ta sha iska ba, za ta ruɓe ko daga ina ta fito.

Ga yadda ake tono ta. Rubuta dalilin a sama, natijar a ƙasa, ka bar fili a tsakani. Sai ka tambayi kanka: wace magana ce dole ta zama gaskiya kafin na sama ya kai ni ga na ƙasa? Ka rubuta amsar da kalmar "duk" ko "idan" a farkonta, sannan ka karanta ta da ƙarfi kunnenka ya ji.

Gwada da maganar maƙwabcin nan. A sama: ya sayi burodi mai yawa ya nufi yamma. A ƙasa: mutanen daji yake kai wa. Abin da zai cike filin shi ne: duk wanda ya sayi burodi mai yawa ya nufi yamma, mutanen daji yake kai wa. Yanzu da ta fito fili, wa zai sa hannu a kanta? Akwai mai teburin shayi a ƙauyen gaba, akwai mai ɗan shago, akwai wanda aka yi wa haihuwa gobe suna. Maganar da ta yi ƙarfi tana ɓoye, tana fitowa sai ta kasa tsayuwa.

Akwai kubra guda da ta fi kowace shiga bakinmu, ita ce "ruwa ba ya tsami banza". Gaskiya ne jita-jita ba ta tashi babu sanadi. Amma abin da karin maganar ya ba ka shi ne akwai sanadi, bai ce maka sanadin shi ne mutumin ya aikata ba. Rikicin iyakar gona sanadi ne, bashin da aka ƙi biya sanadi ne, neman aure da wani ya kasa wani ya samu shi ma sanadi ne. Duk wanda ya zauna a ƙauye ya san tsofaffin gaba nawa aka rama da sunan tsaro. In an kawo maka wannan karin magana a matsayin hujja, ka karɓe ta, sannan ka ce, to mu nemo abin da ya tsamar da ruwan.

Mataki na huɗu: gane wace hanya ka biyo

Hanyoyin ciro hukunci ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma kowace da irin gwajin da ake yi mata.

Ƙiyasi a wurin masu mantiƙi shi ne saukowa daga ƙa'ida zuwa ɗaiɗaiku. Duk wanda aka haifa zai mutu, wane an haife shi, saboda haka zai mutu. In muƙaddimomin gaskiya ne kuma ginin daidai ne, natijar ba ta da makawa. Istiƙra'i shi ne hawa daga ɗaiɗaiku zuwa ƙa'ida: na duba buhu kaza na ga shinkafarsu busasshiya ce, saboda haka duk lodin busasshe ne. Wannan rinjaye yake bayarwa, ba ya ba da tabbas, sai fa in ka duba kowane buhu. Tamsili shi ne ɗaukar hukuncin wani abu a ba wani don sun yi kama, kuma ba ya tsayuwa sai kamar tana kan ainihin abin da ya jawo hukuncin. Masu fiƙihu shi ya sa suke wahalar da kansu wajen gano illa, wato dalilin hukuncin, kafin su auna sabon abu a kan tsoho. "Biri ya yi kama da mutum" mafarin bincike ne, ba ƙarshensa ba. Ta huɗu ita ce neman bayanin da ya fi dacewa da alamomin da aka gani, irin aikin likita da makanike da mai bin sawun dabba. Wani masanin Amurka, Charles Peirce, shi ya ware ta a matsayin hanya mai zaman kanta a ƙarni na 19.

Babban kuskure shi ne mutum ya biyo ɗaya daga ukun ƙarshe, ya yi magana da muryar ta farko.

Mataki na biyar: gwada ginin hujjar

Hujjar da ta fara da "idan" siffa huɗu take ɗauka, biyu ingantattu, biyu ruɓaɓɓu. Mu ɗauki wannan: idan an yi ruwan sama da dare, tsakar gida zai jiƙe.

An yi ruwa, saboda haka tsakar gida ya jiƙe. Wannan daidai ne. Tsakar gida a bushe yake, saboda haka ba a yi ruwa ba. Wannan ma daidai ne. Tsakar gida a jiƙe yake, saboda haka an yi ruwa. Wannan kuskure ne, domin wataƙila wanki aka yi ko randa ta fashe. Ba a yi ruwa ba, saboda haka tsakar gida a bushe yake. Wannan ma kuskure ne, da dalili iri ɗaya.

Siffa ta uku ita ce mai kisa. Idan mutum infoma ne, za a riƙa kiransa da dare. Ana kiran wane da dare. Saboda haka infoma ne. Mai ɗa a Legas ana kiransa da dare, dillalin shanu ma haka, ungozoma ma haka.

Ingantattun siffofin biyu kuwa dukansu suna cikin ƙissar Annabi Yusuf, Alaihis Salam. Mai shaida daga dangin matar Aziz ya ce in rigar ta gaba aka yage ta, matar ta yi gaskiya, in kuwa ta baya ce, ƙarya take yi. Aka duba, ta baya ce. Ka lura da tsarin: an shimfiɗa sharuɗɗan duka biyu kafin a duba rigar, kowane ɓangare an ba shi hanyar da zai fita, sannan aka koma ga abin da ido zai gani. Malamai sun kafa hujja da wannan a kan halascin aiki da alamomi wajen hukunci. Ɗaya siffar kuma malaman tafsiri sun kawo ta a kan rigar farko, wadda 'yan'uwansa suka shafa wa jinin ƙarya: in kyarkeci ne ya cinye shi, da rigar ta yage, ga riga lafiya lau, saboda haka ba kyarkeci ba ne.

Hujjar da ta fara da "duk" ita ma tana da ramin da ake yawan faɗawa. Duk 'yan bindiga suna hawa babur, wane yana hawa babur, saboda haka yana cikinsu. In ka rasa gane ko gini daidai ne, ga dabara mai sauƙi: bar ginin yadda yake, ka cire kalmomin ka sa waɗanda ka san gaskiyarsu. Duk tunkiya dabba ce, akuya dabba ce, saboda haka akuya tunkiya ce. Muƙaddimomi biyu na gaskiya sun haifi ƙarya, to ginin ne ruɓaɓɓe, kuma duk hujjar da aka ɗora a kan irinsa ta faɗi.

Sai dai gini mai kyau bai wadatar ba. Duk kifin gulbin Argungu giwan ruwa ne, wannan tarwaɗa daga gulbin aka kamo ta, saboda haka giwan ruwa ce. Ginin ba shi da aibi, kubrar ce ƙarya. Wannan ya kai mu ga mataki na gaba.

Mataki na shida: bincika daga ina ƙa'idar ta fito

Kusan kowace "duk" da muke amfani da ita daga istiƙra'i aka samo ta, wato daga abubuwan da muka taɓa gani. Ka yi mata tambaya uku. Nawa na gani? Daga wane ɓangare na ɗebo su? Na taɓa fita neman wanda ya saɓa?

Ta biyun ta fi ta farko muhimmanci. Mai sayen shanshera a kasuwar Jega ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, yakan soka ƙarfe a tsakiya da ƙasa, kuma shi yake zaɓen buhun da za a soka, ba mai kaya ba. Buhu uku da ka zaɓa da kanka daga wurare dabam-dabam cikin lodi sun fi ashirin da aka jera maka a gaba. Ƙwaƙwalwa ita ma bakin buhu take nuna wa mai ita. Wanda ya sha wani magani ya warke shi yake yawo yana ba da labari, wanda ya sha bai warke ba yana gida kwance ko yana kabari. Mafarkin da ya zo daidai ana tuna shi shekara ashirin, ɗarin da ba su zo daidai ba an manta su kafin hantsi.

A nan ne hukuncin da ake yanke wa ƙabila sukutum yake rushewa. Wanda ya ce duk Bafulatani ɗan bindiga ne, ko duk ɗan sa-kai azzalumi ne, waɗanda labarinsu ya iso masa kawai ya ƙirga. Makiyayan da aka kwashe wa shanu aka bar su da sanda, labarinsu ba ya yawo a waya. Ga ɗan lissafi da zai taimaka. Mu ƙaddara, don misali kawai, a wata gunduma mutum 200 ne suke sayen burodi da yawa ranar kasuwa, biyu daga cikinsu ne suke kai wa daji. In ka kama mutum saboda burodi kaɗai, sau 198 cikin 200 marar laifi ka kama. Alamar tana jikin masu laifin da gaske, amma tana jikin marasa laifi ninkin ba ninkin.

Sai maganar sanadi. Abu ya biyo bayan abu, ba shi ke nuna shi ya jawo shi ba. Manomi ya canza irin shinkafarsa zuwa FARO 44 ya sami buhu fiye da bara, ya ce irin ne. Wataƙila shi ne. Amma bana ambaliya ba ta taɓa shi ba, ya yi dashe da wuri, ya kuma sami taki a kan lokaci. Hanyar ganewa ita ce a raba gona biyu a ƙasa iri ɗaya, a dasa tsohon iri a rabi sabo a rabi, rana ɗaya, ruwa ɗaya, taki ɗaya, a auna amfanin da ma'auni ɗaya. In an maimaita a shekara ta biyu aka sami abu guda, maganar ta fara nauyi. Abu ɗaya ake canzawa, a bar saura yadda suke. Wanda ya canza uku a lokaci guda ba zai san wanne ya yi aikin ba.

Mataki na bakwai: jera bayanai kishiyoyi, ka nemi abin da zai raba su

Kada ka tsaya a kan bayanin farko da ya faɗo maka. Rubuta aƙalla uku. A gaban kowane ka rubuta: in wannan ne gaskiya, me kuma ya kamata in gani, me kuma bai kamata in gani ba? Sannan ka je ka duba inda suka saɓa.

Zamfara ta ga amfanin wannan da idonta a 2010. A farkon shekarar yara ƙanana suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, da amai da jijjiga da suma. Bayanin da ya fi kusa da hankali shi ne sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, domin lokacin zafi ne kuma alamomin sun yi kama. Ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka ba da magungunan waɗannan cututtuka. In ɗayansu ce, ya kamata yawancin yaran su farfaɗo. Ba su farfaɗo ba. Wannan siffa ta biyu ce daga ingantattun nan, kuma ita ta tilasta a nemi wani bayani.

Sai aka koma ga abubuwan da bayanin farko ya kasa ɗauka. Me ya sa waɗannan ƙauyuka, ba maƙwabtansu ba? Me ya sa 'yan ƙasa da shekara biyar suka fi mutuwa? Me ya sa agwagi suka ƙare a garuruwan? Abin da ya haɗa ƙauyukan shi ne, ana kawo duwatsun zinariya cikin gari, ana daka su ana niƙa su, har a cikin gidaje, ƙura tana sauka inda yara suke rarrafe suna kai hannu baki. Bayani guda ya ɗauki tambayoyin duka: guba a cikin ƙurar. Amma ba a tsaya a kan dacewar ba. Aka ɗebi jinin yara aka kai ɗakin gwaji, aka auna ƙasar gidajen, aka sami dalma mai yawan da ya wuce misali. Yara sama da 400 aka rasa. Maganin ya biyo natijar: aka kankare ƙasar saman gidaje aka zuba mai tsabta, aka fitar da niƙan dutse daga cikin gari, aka ba yara maganin da ke fitar da dalma daga jini. Bagega, wadda ita ma gubar ta shafa, sai a 2013 aka yi mata nata aikin. Da an nace a kan sanƙarau, ko an ce iska ce ko sammu, da an ci gaba da niƙa a tsakar gida.

Ka lura da jerin: zato na farko, abin da ya kamata a gani in shi ne, rashin ganinsa, tattara abubuwan da suka ƙi shiga, sabon bayani, sannan gwajin da zai iya ƙaryata sabon. Haka makanike nagari yake yi wa injin ban ruwa da ya ƙi tashi. Ba ya kwance shi gaba ɗaya. Yakan duba mai, ya duba fulogi ko yana ba da wuta, ya duba kafireto, kowane dubawa yana kashe zato guda.

Mataki na takwas: ba natijar nauyin da ta cancanta, ka auna shi da aikin da za ka yi

Malamanmu sun jera matakan sani huɗu: yaƙini, wanda babu wata yiwuwa tare da shi, sai zato mai rinjaye, sai shakka inda ɓangarorin suka yi kunnen doki, sai wahami, wato ɓangaren da aka rinjaya. Bayan ka gama matakan baya, rubuta ɗaya daga huɗun nan a gefen natijarka, kuma bakinka ya bi abin da ka rubuta. "Na tabbata" daban, "na fi zaton" daban, "mai yiwuwa" daban. Kalmar wallahi ta gidan farko ce kawai a takardar nan taka.

Sannan ka tambaya: in na yi aiki da wannan ya zamana na yi kuskure, wa zai biya, kuma ana iya gyarawa? Fasa tafiya saboda shakka kaɗai daidai ne, domin abin da za ka rasa yini ɗaya ne. Kai yaro asibiti a yi masa gwajin jini saboda zato daidai ne. Amma ambaton sunan mutum a gaban masu makami ba ya gyaruwa, don haka zato, ko mai rinjaye ne, bai isa ba. Shari'a ta riga ta tsara wannan: asali mutum kuɓutacce ne, kawo hujja yana kan mai da'awa, kuma yaƙini ba ya gushewa saboda shakka.

Kafin ka rufe takardar, ƙara layi ɗaya a ƙasa: abin da in na gan shi zan janye wannan magana. In ka rasa abin rubutawa a wurin, koma mataki na uku, akwai kubrar da ba ka tono ba.

In a majalisa ne kuma babba ne ya kawo maganar, ba sai ka ƙaryata shi ba. Tambaya ta isa, cikin ladabi: "Baba, wa ya gani da idonsa?" ko "Allah gafarta Malam, in ba haka ba ne, me kuma zai iya jawo wannan?" ko "Kawu, in mun je mun tarar shagon ƙauyen gaba yake kai wa, mun bar maganar?" In kuwa abin da ka gani ya kai a sanar da mai unguwa ko hakimi ko jami'an tsaro, ka kai musu gidan farko kaɗai, da rana da wuri da lokaci. In sun tambayi na biyu, ka faɗa tare da sunan wanda ka ji daga bakinsa, ka kuma bayyana cewa ji ka yi.